Ruwan Gwiwa Ya Ƙare, In Ji Mu

Idan ɗari ya sauka a Birnin Kebbi, ba sai wani ya sanar da kai ba. Ka je masallacin unguwa da asuba, ka duba ƙarshen sahu, ka ƙirga kujerun roba. A namu masallacin, shekarun baya guda ɗaya ce tal, ta wani dattijo da mota ta taɓa kaɗewa. Bana huɗu ne, ana kuma maganar sayo ta biyar. Da an sallame, kafin a tambayi iyali an tambayi ƙafa. “Baba, ya gwiwar?” “Sai godiya, jiya ta hana ni runtsawa.”

Babu wata gaɓa a jiki da ta cika mana baki kamar gwiwa. Mutum zai tunkari abu mai wuya, mu ce a ƙarfafa masa gwiwa. Mummunan labari ya iso, gwiwoyi su yi sanyi. Manoma biyu suka tara kuɗi suka sayi injin ban-ruwa, sun yi haɗin gwiwa. Mai neman gafara gwiwa bibbiyu yake zuwa. Mace in haihuwa ta taso mata, a ce tana kan gwiwa, ashe kowannenmu ta kan gwiwa ya shigo duniya. Amma ka tambayi 'yan majalisarmu abin da ke cikinta, amsa ɗaya za ka ji: ƙashi da ruwa. Ciwonta ma suna ɗaya muka raɗa masa. Na yaro sanyi, na tsoho sanyi, wanda ya faɗo daga kan babur ma, in an kwana biyu bai warke ba, sanyi ne ya shiga wurin.

Ran nan bayan la'asar muna gindin dogon yaro, sai ga Baba mai gonar shinkafa ya iso yana dogara sanda. Ya daɗe kafin ya kai ƙasa. Da ya zauna ya miƙe ƙafar dama, ya ce, “Ku dai bari. Ruwan gwiwa ya ƙare, ƙashi ka cin ƙashi.” Nan take majalisa ta koma ɗakin magani. Wannan ya ce miyar kuɓewa safe da yamma, yauƙin zai gangara ya cike gurbin. Wancan ya ce ƙafar sa, a dafa ta har ta narke. Tela ya ce akwai wanzamin da ya sani a hanyar Kalgo, ƙaho uku zai kafa ya zuƙe mataccen jinin. Wani matashi kuwa ya zaro ƙullin leda daga aljihu, ƙwayoyi biyar, kowace da launinta, ya ce, “Baba, wanga haɗin, in ka sha yanzu, gobe da kanka za ka yi dashe.”

Akwai maƙwabcinmu, ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, duk unguwa Likita muke ce masa. Bai tanka ba, sai da mahauci ya biyo da tirensa a ka. Ya tsayar da shi ya ce, “Sarkin fawa, ɗauko muna ƙafar san nan, ka buɗe ta daidai gaɓa, kada ka sa gatari.” Mahauci ya sa bakin wuƙa, ya zagaya, ya yanke wata farar fata mai tauri, ya murɗa, gaɓar ta buɗe. Duk muka sunkuyo. Mun ci ƙafar sa ba adadi, amma ranar muka fara kallonta.

Kan kowane ƙashi a lulluɓe yake da wani abu fari mai sheƙi, sumul kamar cikin sabon kwanon sha. Guringuntsi ke nan. Likita ya ce kowa ya shafa. Yatsa ba ya tsayawa a kai, zamewa yake yi, kuma in ka ɗaga sai ka ga wani ruwa mai yauƙi ya biyo shi kamar zare, kai ka ce farin ƙwai ne ko karkashi. Ya ce irin wannan ginin ne a gwiwarmu, da ƙugu, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da kowane yatsa. Ƙasusuwa biyu sun haɗu, amma ba sa taɓa juna. Kowanne ya sa hular guringuntsi, wadda kaurinta a yawancin wurare bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. An kewaye su da jaka mai tauri, ita ce wadda wuƙa ta fara yankewa. Cikin jakar akwai shimfiɗa siririya mai laushi, ita ke tace ruwa daga jini, ta ƙara masa sinadarin yauƙi, ta zuba a tsakani. Daga waje kuma jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure ƙashi da ƙashi kamar yadda ake ɗaure azara, tsoka kuma tana ja ta bisansu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawan ruwan. Mu a zatonmu gwiwa randa ce, ana ɗiba har ta ƙafe. Ashe a lafiyayyar gwiwar babban mutum, ruwan bai cika cokalin shayi ba. Ba a kuma ajiye yake tun haihuwa ba, kullum ana yin sabo ana janye tsoho. Gwiwar da ta lalace ma sau da yawa ruwan yawa yake yi, shi ya sa take kumbura, sai dai ya tsinke, yauƙinsa ya ragu. Baba ya taɓa tasa gwiwar, wadda ta fi ɗayar girma a fili, ya yi shiru. Mai maganar kuɓewa ya ce, “To, mi ad amfanin miyar ke nan?” Likita ya ce abinci ce mai kyau, a sha, amma ciki take zuwa ta narke kamar kowane abinci. Babu wata hanya da ta tashi daga maƙogwaro ta zarce gwiwa.

A nan ne ya faɗi maganar da har yau nake juyawa. Guringuntsi ba shi da hanyar jini, ba shi kuma da jijiyar jin zafi. To, da me yake rayuwa? Da ruwan nan. Kamar soso yake: in ka taka ƙafa ya matse, ya fitar da abin da ya gama amfani da shi, in ka ɗaga ya zuƙo sabo. Motsi ne cin abincinsa. Gaɓar da aka hana motsi yunwa take kwana da ita. Rashin jijiyar jin zafi kuwa shi ya sa yake cinyewa shekara da shekaru ba mu sani ba, sai ya kai ga ƙashin da ke ƙasa, ko jakar ta kumbura, sannan mu fara cewa wayyo. Rashin jini kuma ya sa in ya tafi da wuya ya dawo. Wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya rubuta haka tun 1743, kuma duk da ci gaban da aka samu, har yau ba a sami ƙwayar da za a haɗiya ta tsiro da sabon guringuntsi ba. Duk wanda ya tsaya da mota da lasifika a bakin kasuwa ya ce yana da ita, ku riƙe kuɗinku.

Gwiwa tana da ƙarin gata. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu 'yan matasai biyu masu siffar jinjirin wata, aikinsu aikin gammo ne: su raba nauyi kada ya taru wuri ɗaya. A tsakiya akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. A gaba ga ƙoƙon gwiwa, wanda bayansa ke ɗauke da guringuntsi mafi kauri a jiki. Duk wannan tanadi saboda nauyin da take sha ne. A tafiya ta yau da kullum, kowane taku yana ɗora mata ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum. Tsugunawa da hawan tudu sun fi haka.

Yanzu ku dubi abin da muke yi da ita. Tun watan Nuwamba na 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance, kowa ya koma fadama. Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ɗan kasuwa, kowa da 'yar gonarsa. Ga kamfanin shinkafa na Labana a nan gida, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, mai saye ba ya wuya. Alheri ne, mun gode Allah. Sai dai mutumin da ya shekara ashirin a kan kujerar ofis, ya ajiye tumbi, shi ne rana ɗaya zai tuɓe takalmi ya shiga taɓo, ya yini a duƙe. Wanda ya gaji noma kuwa tun yana yaro yake dashe a cikin ruwan ɗari, ya yi cira a tsugune, ya yanka, ya buga, ya saɓa buhun shanshera da ya fi kilo 70 ya bi kunya mai santsi da shi. Tsugunon da ya daɗe, da ɗaukar kaya mai nauyi, da murɗewar ƙafa a cikin laka, su ne ke cin gammon nan da guringuntsi a hankali. Sanyin ruwa yakan tayar da ciwon, ya sa gaɓa ta riƙe, shi ya sa muka ɗora masa laifin duka. Ɓarnar kuwa ta riga shi zuwa.

Mata fa? Su ba sa zuwa majalisa, sai ba a jin nasu. Inna a gidanmu ta yi shekaru tana gumin shinkafa: ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kwashe, duk a duƙe ko a tsugune. Ga daka, ga wanki, ga ɗebo ruwa, ga goyo. Ciwon cinyewar gwiwa ya fi kama mata, musamman bayan shekara 50, amma in ta ce ƙafa ta dame ta, sai mu ce girma ne, mu sayo mata man zafi. Na daɗe ina ganin tana jan 'yar kujerarta daga murhu zuwa bakin rijiya ban fahimci abin da nake gani ba.

Wani ya tambaya, to salla fa, ita ma ai durƙuso ce? Likita ya ce akwai bambanci tsakanin gaɓar da ake naɗewa a miƙe sau da yawa a yini, kowane na ɗan lokaci, da wadda aka naɗe aka bari awa huɗu da kaya a kai. Ruku'u da sujada da zaman tahiya suna kai gwiwa da ƙugu da idon sawu har ƙarshen iyakarsu, su dawo da su, kuma wannan yana cikin abin da ya sa tsofaffinmu da yawa ke iya zama a tabarma su tashi. Wanda tasa ta riga ta cinye kuwa, addini ya ba shi sauƙi, ya zauna a kujera ba tare da jin kunya ba. Liman da ke gefe ya tuna mana hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ambaci gaɓoɓi 360 a jikin ɗan Adam, da sadakar da ke kan kowace. Muka yi ta lanƙwasa yatsu muna ƙirgawa, muka ɓace tun ba mu bar hannu ba.

Gaɓoɓin ma ba ƙira ɗaya ba ne. Gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu kamar ƙyaure suke, buɗewa da rufewa kawai. A can saman wuya akwai wadda ke juyawa a kan turke, da ita muke sallama dama da hagu. Gindin babban yatsa kamar mahayi ne a kan sirdi, yana iya yin gaba da baya, yana iya karkata gefe, shi ya sa muke riƙe lauje da allura da alƙalami. Ƙugu taɓarya ce a cikin turmi mai zurfi, ba ta fita da wasa. Kafaɗa kuwa ƙwarya ce a kan faifai.

Maganar kafaɗa sai mutanen Argungu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ranar bikin su ya ga abin da kafaɗa ke iyawa. Ana ba da alama, dubban mutane su ruga cikin ruwa, kowa da gora da homa, hannu ya yi sama, ya yi baya, ya nutsa ƙasa, ya zagayo. Bikin nan da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, wanda kuma UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, a kan kafaɗun masunta yake tsaye. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Ka yi tunanin rungumar giwan ruwa mai nauyin ƙato, yana fizga, kai kuma ƙafarka ba ta taka ƙasa sosai ba. Kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa saboda raminta ba zurfi, tsoka da jijiya ne ke riƙe da ita. Wannan sakewar ce kuma ta sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi gocewa. 'Yan kokawa da 'yan dambe sun san haka. Matashin da tasa ta goce sau ɗaya, in ba a kula da ita yadda ya kamata ba, sai ta mayar da abin al'ada, har wajen sa riga ta fita.

In an goce ko an karye, ina muke nufa? Gidan maɗori. Ba na raina maɗora. Gado ne, suna kusa da mu, ba sa korar marar kuɗi, kuma akwai karayar da suka ɗora ta kama lafiya, kowa ya sani. Inda nake jin tsoro shi ne in raunin ya faɗa a kan gaɓa. Akwai yaro a unguwarmu da ya faɗo daga mangwaro, gwiwar hannun dama ta kumbura. Aka ce targaɗe ne, aka ja, aka jera karare, aka ɗaure tam, aka ce kada a kwance sai an yi arba'in. Da aka kwance, ƙashi ya kama, amma a karkace, gaɓar kuma ta sandare. Yau ya zama saurayi, hannun damansa ba ya kaiwa baki, sai ya sunkuyar da kai ya tarbi loma. Duk lokacin da na gan shi a wurin walima sai zuciyata ta sosu, domin hoton ƙashi guda ɗaya a ranar farko zai nuna cewa karaya ce a bakin gaɓa. Ga asibitin Sir Yahaya, ga babban asibitin tarayya a nan cikin gari, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga na ƙashi a Dala ta Kano in abin ya yi girma. A ɗauki hoto tukuna, sannan a san wanda zai taɓa. In kuma an ɗaure, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, ko ciwo ya ƙi lafawa, a kwance a cikin daren nan, kada a jira gari ya waye. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, kuma hannun da jini ya daina shiga awoyi kaɗan yake da su.

Ƙaho a fata yake tsayawa, ba ya isa cikin jakar. Sakiya ce abin gudu. Cikin gaɓa wuri ne da Allah ya rufe, babu ƙwayar cuta ko ɗaya. In aka soka ƙarfe ya huda jakar, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, su kuwa in suka shiga suna iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ko ba a huda ba ma, sukan biyo jini su shiga, musamman ga yara. Yaron da ya kwana da zazzaɓi, gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ya ƙi taka ƙafar, ya ƙi a taɓa, wannan na asibiti ne a ranar. Haka matashi mai sikila da ya fara ɗingishi yana kukan ƙugu ko matsematsi: kan ƙashin cinyarsa ne mai yiwuwa jini ya daina isa. Matar da ke tashi da safe yatsun hannu biyu a kumbure, su yi fiye da awa ba su saki ba, nata daban ne. Alhajin da babban yatsan ƙafarsa ya yi ja cikin dare bayan an sha kayan ciki, shi ma nasa daban. Mu kuwa duk mun zuba su a buhu ɗaya mun rubuta sanyi.

Da aka zo kan ƙullin ledar nan, Likita ya karɓa ya zazzage a tafin hannu. Ya ce irin wannan haɗin yakan ƙunshi magungunan kashe ciwo biyu ko uku masu aiki iri ɗaya, irin su diklofenak da firoksikam, a ƙara da firedinisolon ko deksametason. Gaskiya ne, in ka sha za ka ji garau. Amma shan su kullum yana ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, yana gajiyar da ƙoda, yana tayar da hawan jini da sukari. Na biyun nan kuma su ke kumbura fuska har a ce mutum ya yi ƙiba, alhali ƙashinsa ne ke ruɓewa, wani lokaci ma su kashe kan ƙashin ƙugu. Matashin ya ce shi da abokan aikinsa kullum sai sun sha kafin su fara lodin buhu. Ba wanda ya yi dariya.

Tela ne ya sauƙaƙa zaman. Ya matsa yatsunsa suka yi ƙas-ƙas, ya ce tun yana yaro Kaka ke hana shi, wai hannu zai yi rawa da tsufa. Likita ya ce iska ce da ke narke cikin ruwan gaɓa take yin kumfa in an ja, shi ya sa sai an jira kamar minti 20 kafin ta sake ƙara. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shekara 60 yana matsa yatsun hannu ɗaya yana barin ɗayan, a ƙarshe bai ga bambanci ba. Ƙarar da ke zuwa da ciwo ko kumburi, ko gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, ita ce ake kai wa asibiti.

Baba ya ce, “To, Likita, ni yanzu mi za ni yi? In kwanta?” Ya ce kwanciya ce za ta ƙarasa ta. Tsokar cinya ita ce mai gadin gwiwa, in ta yi ƙarfi sai ta ɗauke mata rabin wahala. Ya nuna masa: a zauna a tabarma, a miƙe ƙafa, a ɗaure cinya, a ɗaga diddige kamar taƙi ɗaya, a ƙirga goma, a sauke, a maimaita safe da yamma. A yi tafiya a ƙasa mai laushi gwargwadon iko. Mai ƙiba ya rage, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A gona a sami ɗan kututture a zauna a kai wajen cira, buhu kuma a raba shi biyu ko a sa a amalanke. Sanda ma ashe ba daidai muke riƙe ta ba: a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙewa, gwiwar dama sanda a hagu. In abin ya ƙi gaba ɗaya, akwai aikin sauya gaɓa da ta ƙarfe da roba, wanda John Charnley ya kafa harsashinsa a Ingila a 1962 da aikin ƙugu, kuma ana yin sa a Najeriya, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Mahauci dai ya gaji da tsayuwa ya ce, “Ƙafar ga da kunka sa na buɗe, wa ka biya?” Muka yi karo-karo, aka aika wa Inna ita, ta kwana a kan wuta.

Bayan mako biyu na bi ta ƙofar gidan Baba da hantsi. Ya je an ɗauki hoto, an ce gefen ciki na gwiwar ne ya cinye, an ba shi magani ɗaya da ƙa'idar shansa. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafar dama a sama tana ɗan rawa, jikarsa 'yar aji biyu ta tsuguna a gabansa tana ƙirga masa da yatsu. Ta kai bakwai ta tsaya gyara ɗankwali.

“Ke, ƙirga da sauri mana,” in ji shi.

Ta ce, “Kaka, Likita ya ce a hankali. Takwas.”